RAHOTON MUSAMMAN: Zare, naushi da titin Legas: Wace fasahar faɗa ce ke kare ɗan Agege?

Kafin ladan ya kira assalatu, mayankar Oko-Oba da ke Agege ta riga ta farka. Manyan motocin da suka kwana a hanya daga kasuwannin shanu irin su Potiskum da Maigatari da Illela suna sauke kaya, masu jan igiya na fama da bijimai, mahauta kuma na wasa wuƙaƙe a hasken fitilu. Wanda ya tsaya ya dubi hannuwan matasan da ke wannan aiki zai ga duk jarinsu a wuri guda. Da hannun ake fiɗa, da shi ake saɓa cinyar sa a kafaɗa, da shi kuma ake samun abin da za a tura wa iyaye a Sakkwato ko Katsina ko Maraɗi.

Wannan hannun ne al'ada ta naɗa wa zare. Dambe wasan mahauta ne tun asali, kalangun da ake kaɗa wa ɗan dambe ma kiɗan fawa ne. Shi ya sa inda duk Bahaushe ya kafa mayanka, da wuya a daɗe ba a ji ana sa zare a kusa ba.

Sai dai tambayar da ke yawo a bakin matasan Agege da Ikeja a yau ta wuce ta wasa. Mai gyaran wayar da ke tashi daga kasuwar Computer Village bayan magariba, da mai shayin da ke rufe teburinsa tsakar dare, da ɗan dako, da ɗalibar da ke shiga motar haya ita kaɗai, kowannensu ya san wani da aka ƙwace wa waya a cunkoson motoci, ko wanda ya faɗa motar 'yan fashin da ake kira wan-cans, ko wanda 'yan tasha suka tare a lungu. Daga nan tunanin koyon faɗa yake farawa. In aka tambayi wane iri za a koya, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce: dambe mana, ai namu ne.

Amsar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba. Naushi ilimi ne mai ƙa'idoji, kuma filin dambe na koyar da wasu daga cikinsu da kyau. Kare kai kuwa ya fi naushi faɗi, domin a titi hannun da ya kai duka yakan jawo wa mai shi hisabi har uku: na asibiti, na kotu, da na jama'ar da yake zaune a cikinta.

Yadda zare ya iso Ikko

Zaman Hausawa a Agege ya daɗe. Goro ne ya fara jawo fatake, domin yankin ya yi suna wajen nomansa, sannan layin dogo ya ƙarfafa zaman. Layin da ya tashi daga Legas ya isa Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1912, kuma Agege na kan hanyarsa. Goro ya riƙa haurawa Arewa, shanu suna gangarowa Kudu. Da shanu mahauta suka zo, da mahauta dambe ya zo.

Tsarin wasan sananne ne. Ana naɗe hannu mai ƙarfi da ƙyalle, a bi shi da zare a ɗaure tam, shi ne mashi. Ɗaya hannun ana miƙa shi gaba a buɗe, shi ne garkuwa. Ana yin turmi uku, kuma wanda ya kai abokin karawarsa ƙasa shi ya yi kisa. 'Yan wasa sun kasu ɓangarori, irin su Kudu da Arewa da Guramada, kowane matashi kuma yakan ɗauki sunan ubangidan da ya rene shi, ya zama shagon wane ko autan wane. Sunan Shago, wanda marigayi Ɗan Anace ya waƙe, har gobe shi ne ma'aunin jarumta a wannan fage.

A 'yan shekarun nan Legas ta zama ɗaya daga cikin ƙofofin da dambe ya bi ya fita duniya. Masu shirya wasanni irin su Dambe Warriors da African Warriors Fighting Championship sun ɗora shi a YouTube da sauran kafafen intanet, inda mutanen da ba su taɓa jin kalangu ba suke kallon kisa a wayoyinsu. Abin da gajeren bidiyo ke nunawa shi ne daƙiƙar da mashi ya sauka. Ba ya nuna shekarun atisaye, ba ya nuna kumburarren hannun da aka kwance wa zare bayan an tashi. Matashin da ya ɗauki darasinsa daga waya kaɗai ya ga ƙarshen labari ne bai ga farkonsa ba.

Naushi daga ƙasa yake tasowa

Kuskuren farko na wanda bai koya ba shi ne zaton ƙarfin naushi a damtse yake. Masu horar da 'yan damben zamani, wato boksin, sukan fara da ƙafa kafin su taɓa hannu. Mutum zai tsaya ƙafafunsa a ware daidai faɗin kafaɗa, ƙafar ɓangaren da ba shi da ƙarfi a gaba, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, haɓa a sunkuye, hannuwa biyu kusa da kumatu. Bahago kan juya wannan tsayuwar.

Idan za a kai naushin hannun baya, tafin ƙafar baya ne ke tura ƙasa, dunduniya ta ɗaga ta juya, ƙugu ya bi ta, ƙirji da kafaɗa su bi ƙugu, hannu ya zo a ƙarshe kamar bakin bulala. Nauyin jiki gaba ɗaya ke tafiya, hannu saƙo kawai yake isarwa. Wannan ne dalilin da siririn yaro mai horo kan girgiza buhun atisaye fiye da ƙaton da ke dukansa da damtse zalla.

Dunƙule hannu ma yana da ƙa'ida. Yatsu huɗu su naɗe sosai, babban yatsa ya kwanta a waje a kan manuniya da na tsakiya. Wanda ya cusa babban yatsa a ciki ya shirya karya shi da kansa. Wuyan hannu ya miƙe sak da sauran hannun, kada ya lanƙwasa sama ko ƙasa. Wurin da ya kamata ya taɓa abin duka shi ne gaɓoɓi biyu na farko, na manuniya da na yatsan tsakiya, domin ƙasusuwansu sun fi kauri kuma suna kan layi ɗaya da ƙashin hannu. Ana barin hannu a sake har sai dab da sauka sannan a matse, a fitar da numfashi, a kuma dawo da shi ta hanyar da ya bi. Hannun da ya tafi bai dawo ba ya bar fuska a buɗe.

A nan ne dambe da boksin suka rabu. Ɗan dambe kan ware ƙafafu sosai, ya ja mashinsa baya, ya auna tazara da garkuwa, sannan ya kawo duka a zagaye da dukkan nauyinsa. Naushi ne mai nauyin gaske, kuma ɗan dambe ya ƙware wajen karanta tazara da haƙurin jiran dama, ga shi ya saba ganin duka na zuwa ba tare da ya rufe ido ba. Rauninsa shi ne hanyar tana da tsawo, ana hango shi tun kafin ya taso, kuma in ya kuskure yakan ja mai shi ya yi tangal-tangal. Ɗan boksin kuwa hannu biyu yake aiki da su. Makaminsa na yau da kullum shi ne gajeren naushin hannun gaba da ake kira jab, wanda ba a yi shi don kisa ba, sai don hana abokin gaba matsowa. Ga mai neman hanyar tsira, wannan ƙaramin naushi da iya ja da baya sun fi mashi amfani.

Hannu ba guduma ba ne

Hannun ɗan Adam, daga wuyan hannu zuwa kan yatsu, ƙasusuwa 27 ne: takwas a wuyan hannu, biyar a tafi, 14 a yatsu. An halicce su don kamawa da sarrafa abu. Goshin mutum kuwa yana cikin ƙasusuwa mafi tauri a jiki. Idan tsirarar hannu ta haɗu da goshi, sau da yawa hannun ne ke biyan kuɗin.

Likitocin ƙashi suna da wata karaya da suka laƙaba wa sunan 'yan dambe. Ita ce karayar ƙashin tafin hannu da ke ƙarƙashin ƙaramin yatsa, kuma an fi ganinta a hannun wanda ya kai naushi a zagaye cikin fushi, ya sauka da gefen hannu a kan kai ko bango. Jinyarta kan ɗauki makonni. Ga mahauci, ko tela, ko mai tura kura, ko mai gyaran waya, makonnin nan na zaman gida ne babu ko sisi.

Akwai wani rauni da ya fi wannan yaudara. Idan naushi ya sauka a baki, haƙori kan huda fatar gaɓar yatsa. Ciwon ƙarami ne a ido, mutum ya wanke ya ɗaure da tsumma. Amma ƙwayoyin cutar da ke bakin ɗan Adam sun riga sun shiga gaɓa, kuma da an buɗe hannu sai jijiyar ta ja su zuwa ciki. Cikin 'yan kwanaki hannu ya kumbura ya yi ruwa, wani lokaci har sai an yi tiyata. Irin wannan rauni na asibiti ne a ranar da ya faru, ko babban asibitin Orile-Agege, ko asibitin koyarwa na LASUTH da ke Ikeja, ko na ƙashi da ke Igbobi. Kuma wajibi ne a gaya wa likita gaskiya cewa haƙori ne.

Zaren ɗan dambe da safar ɗan boksin duk suna ɗaure waɗannan ƙananan ƙasusuwa su zama dunƙule guda. Tun da dokokin Queensberry da aka wallafa a Ingila a 1867 suka kawo safar hannu da turmi mai minti uku, hannun ɗan wasa ya samu kariyar da ta ba shi damar dukan kai ba tare da fargaba ba. Wanda ya saba da wannan kariya yakan manta cewa a bakin titi babu mai ba shi lokacin naɗa zare. Saboda haka masu koyar da kare kai da dama suka fi son a yi amfani da gindin tafin hannu a buɗe, ko gwiwar hannu idan an matse, domin sun fi jure karo.

Fili daban, titi daban

Filin dambe yana da yashi, yana da alƙalin wasa, yana da masu raba faɗa. Mutum biyu ne, sun yarda da juna, babu mai wuƙa, kuma da an yi kisa an gama. Babu ɗaya daga cikin waɗannan a ƙarƙashin gadar Pen Cinema ko bakin layin dogo da ƙarfe goma na dare.

Na farko, ƙasar kwalta ce da siminti da bakin kwata. Naushin da ya sami haɓa yana juya kai da sauri, ƙwaƙwalwa ta girgiza a cikin ƙoƙonta, mutum ya suma tun yana tsaye, ya faɗi ba tare da ya tare da hannu ba. Sau da yawa faɗuwar ce ke kisa, idan ƙeya ta bugi ƙasa. Yawaitar irin wannan mutuwa a birnin Sidni ta sa jihar New South Wales ta Ostareliya ta kafa doka a 2014, wadda ta tanadi ɗaurin aƙalla shekara takwas ga wanda ya kashe mutum da duka yana cikin maye. Wanda ya kai naushi guda bai da iko a kan inda kan wancan zai sauka.

Na biyu, ɓarawon waya ba ya zuwa shi kaɗai, kuma ba ya zuwa hannu rabbana. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Babu wata fasahar faɗa da ke ba da tabbacin tsira daga wuƙa ko fasasshiyar kwalba, balle bindiga. Malamin da ya yi alƙawarin koya wa ɗalibi ƙwace wuƙa cikin mako biyu yana sayar masa da ajalinsa ne. Haka lamarin yake ga wanda ya dogara da laya ko guru ko maganin tauri ya tsaya gaban ƙarfe. Wayar da aka ƙwace ana sayen wata a kasuwa.

Na uku, ko gwanin gwanaye daƙiƙa ɗaya ta ishe shi. Kamaru Usman, haifaffen Auchi, ya riƙe kambun ajinsa na gasar UFC tun daga 2019. A watan Agustan 2022 yana kan gaba da maki a karawarsa da Leon Edwards, saura kusan minti guda a tashi, sai shuri ɗaya ya same shi a kai, kambun ya tafi. Wannan a fili ne mai alƙali da likita a gefe.

Hisabin kotu da na jama'a

Dokar Najeriya ta amince da haƙƙin kare kai. Sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ambace shi, haka ma kundin hukunta laifuka na Kudu da na Arewa, da dokar laifuka ta Jihar Legas ta 2011. Amma dukkansu sun ɗaure haƙƙin da sharaɗi: ƙarfin da aka yi amfani da shi kada ya wuce abin da ake buƙata don kawar da haɗarin. Wanda aka zaga ya rama da naushi ba kare kai ya yi ba. Wanda ya kayar da maharinsa, sannan ya bi shi da duka yana kwance, ko ya bi shi da gudu bayan ya juya baya, ya fita daga inuwar doka. Idan rai ya salwanta, kotu za ta tambayi ko akwai hanyar kaucewa, kuma horon da mutum yake da shi ba lallai ne ya zame masa sassauci ba.

Ga Bahaushen da ke zaune a Kudu akwai ƙarin nauyi. A watan Fabrairun 2021, cacar baki tsakanin mutane ƙalilan a kasuwar Shasha da ke Ibadan ta kai ga duka, mutum ɗaya ya rasu. Kafin ƙura ta lafa an yi asarar rayuka, an ƙona shaguna da gidaje, iyalai sun yi gudun hijira, gwamnatin Oyo ta rufe kasuwar, har sai da tawagar gwamnonin Arewa ta je Ibadan. Rikicin Mile 12 na watan Maris 2016 a nan Legas shi ma daga ƙaramar hatsaniya ya faro. A gari mai ƙabilu da yawa, hannun mutum ɗaya kan ja wa dubbai. Dattawan zango da suka shekara hamsin suna zaman lafiya da maƙwabtansu Yarabawa sun san haka, shi ya sa suke maimaita wa yara cewa faɗan da ya fi ƙarfinka sai ka mai da shi wasa.

To, wanne za a zaɓa?

Duk da haka koyon fasahar faɗa yana da amfani na gaske. Yana gina jiki da numfashi, yana rage firgita, yana koya wa mutum tsayuwa da ƙafafunsa idan an ture shi. Kowace fasaha da abin da take bayarwa.

Boksin shi ne mafi saurin koyar da tazara, kare kai da fuska, da motsin ƙafa. Kayansa ba su da yawa, kuma Legas gidansa ce. Hogan Bassey ya zama zakaran duniya a 1957, Dick Tiger ya bi sahu a 1962, lambar farko da Najeriya ta samu a gasar Olamfik ma ta boksin ce, tagullar da Nojim Maiyegun ya ciyo a Tokyo a 1964. Ita ma Nijar lambarta ta farko ta boksin ce, wadda Issaka Dabore ya samo a Munik a 1972. Giɓinsa shi ne ba ya koyar da abin yi idan an rungume mutum ko an kai shi ƙasa.

Kokawa ta cike wannan giɓi, kuma ita ma gadon gida ce. Gasar takobi ta Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, ta nuna matsayin da take da shi a ƙasar Hausa. Yawancin rigimar titi da cakumar kwala da ture-ture take farawa, kuma ɗan kokawa ya san yadda zai ƙi faɗuwa, ya ɓamɓare riƙo, ya danne mutum ba tare da ya fasa masa baki ba. Wannan na da daraja a gaban doka. Yana da daraja a addinance ma, domin akwai malaman da ke ƙyamar dambe saboda hanin da ya zo a kan dukan fuska, alhali kokawar da Manzon Allah (SAW) ya yi da Rukana sananniya ce a littattafan tarihi.

Judo, wanda wani malamin Japan mai suna Jigoro Kano ya kafa a Tokyo a 1882, yana aiki ne da riƙon tufafi, kuma darasinsa na farko shi ne yadda ake faɗuwa ba tare da kai ya bugi ƙasa ba. A garin da ake faɗowa daga babur, ake zamewa a bakin kwata da damina, wannan darasi kaɗai ya isa dalilin shiga aji. Sunan malamin dai bai da alaƙa da Kanon Dabo.

Taikwando na Koriya da karate na Japan suna ba da ladabi, saurin ƙafa da tsari mai kyau ga yara. Chika Chukwumerije ya ciyo wa Najeriya tagulla a taikwando a Beijin a 2008, Abdoul Razak Alfaga na Nijar ya ciyo azurfa a Riyo a 2016. Amma shurin sama yana son fili da wando mai sakewa. A cikin motar danfo, ko a kan laka da silifa, wanda ya ɗaga ƙafa ɗaya ya bar kansa a kan ɗaya.

Jujitsun Birazil ya yi suna tun da Royce Gracie ya lashe gasar UFC ta farko a 1993 ta hanyar kai manyan mutane ƙasa ya murƙushe su. Yana koyar da yadda ake kuɓuta daga ƙarƙashin wanda ya fi nauyi, abin da ke da muhimmanci musamman ga mata. Sai dai wanda ya zaɓi kwanciya a titi ya miƙa kansa ga takalman abokan maharin, kuma kuɗin makarantunsa ya fi ƙarfin talaka.

Dambe fa? Yana ba da zuciya da sanin tazara, kuma ɗan damben da ya ƙware ba abokin wasan kowa ba ne. Amma hanyar koyonsa ita ce shiga fili a sha duka a kai ba tare da kariya ba, kuma dukan kai da ake maimaitawa yana barin tabo a ƙwaƙwalwa wanda kan bayyana bayan shekaru. Wanda ke son dambe don gado da suna da abin da ake samu a fili, wannan zaɓinsa ne. Wanda ke son ya dawo gida lafiya daga kasuwa kawai, ya fi masa ya haɗa tushen boksin da kokawa ko judo.

Malami ya fi sunan wasa

Sunan fasaha bai kai nagartar mai koyar da ita muhimmanci ba. Akwai alamomin da mai nema zai duba kafin ya biya kuɗi.

Ya tambayi inda malamin ya koya, da ko ƙungiyar wasan ta jiha ta san da shi. Ya zauna ya kalli darasi guda. Idan ɗalibai ba sa gwada abin da suka koya a kan abokin da ke turjewa da gaske, rawa ake koya masu, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. Idan kuma ana haɗa sabon shiga da tsohon hannu a bar shi ya sha kashi da sunan gwajin zuciya, wannan wurin cin zali ne. Gwaji na ƙwarai yana tafiya ne sannu a hankali, da robar kare haƙori, da safa, da malami a tsaye. Wanda ya ji jiri ko ciwon kai ko amai bayan an buge shi, a dakatar da shi ya ga likita, kada a ce ya daure.

Ya duba nisa da kuɗi. Filin wasa na ƙasa da ke Surulere, da na Teslim Balogun da ke tsallaken titi, da cibiyar wasanni ta Rowe Park a Yaba, sun daɗe suna tara masu horar da wasanni iri-iri, kuma jirgin ƙasa na jan layi da ya fara aiki a 2024 ya haɗa Agege da Ikeja da Yaba. Amma ƙaramin wurin atisaye na unguwa da mutum zai iya zuwa sau uku a mako ya fi babban wurin da zai je sau ɗaya a wata. Abin da jiki bai maimaita ba har ya zama ɗabi'a, ba ya fitowa a lokacin tsoro.

Ga 'ya'ya mata, iyaye su nemi aji mai malama ko wanda ake yi a buɗe a gaban jama'a. Abin da ya fi masu amfani shi ne ɓamɓare riƙon hannu da na wuya, ɗaga murya, da gudu zuwa inda mutane suke.

Malamin ƙwarai kuma yakan ɓata lokaci a kan abin da ba duka ba ne: a leƙa cikin mota kafin a shiga, a ajiye waya a aljihu a cunkoso, a tafi bibbiyu idan dare ya yi, a haddace lambobin gaggawa na Legas, 112 da 767, a kuma san yadda ake ba da haƙuri ko da ana da gaskiya. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira ya ɗora ma'aunin ƙarfi a kan mallakar kai lokacin fushi, ya fifita shi a kan kayar da mutane a kokawa.

Tsofaffin 'yan dambe sun riga kowa fahimtar wannan. Da wuya a ga shagon da ya yi suna yana cacar baki da kwandasta a kan canjin naira ɗari. Ya san nauyin abin da ke hannunsa, ya san kuma cewa da asuba akwai shanun da ke jiran fiɗa a Oko-Oba, akwai uwa a gida da ke jiran saƙon ƙarshen wata, kuma duka biyun da lafiyayyen hannu ake yi masu hidima.